Farcen da Na Gina wa Mai Jego

Da tire a kai na fara sayar da kayan kwalliya, gida-gida a unguwar Badariya. Daga nan na samu rumfa, daga rumfa na samu shago a kasuwar Birnin Kebbi. Hoda, kwalli, jan baki, turare, duk abin da mace za ta shafa ina da shi. Farcen kanti daga baya ya shigo cikin kayana, kuma ba don yana burge ni ba. Gani na yi 'yan mata suna wuce ƙofata suna shiga shagon maƙwabciyata, wata 'yar kudu da ta daɗe a garin har Hausarta ta koma irin tamu. Na je na ce ta koya mini. Ta ce sakawa za ta koya mini a kwana uku, amma cirewa sai na shekara ina yi kafin in ce na iya. Na ɗauka cika baki ne irin na 'yan kasuwa, ashe gaskiya ta faɗa mini.

Farcen iri biyu ne. Akwai na liƙawa, wanda ake ɗiga wa gam a manna a kan farcen mutum. Akwai na gini, wanda ake kwaɓa wata hoda da ruwanta a ɗora a kan farce kaɗan-kaɗan, ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi. Na liƙawa ba ya daɗewa. Na gini kuwa yakan yi makonni, in dai mai shi tana kula da shi: ta riƙa tsane hannu bayan wanki, ta shafa mai a gindin farcen, in ya ɗaga a gefe ta dawo a gyara kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa ya yi kore.

A garinmu wannan sana'a tana bin kwanakin mata ne. Ruwan alwala ba ya ratsa farcen kanti, don haka yawancin masu zuwa wurina sai suna hutun salla suke sakawa. Kwana biyar, kwana bakwai, sai tsarki ya zo, wani lokaci da rana tsaka, ga la'asar tana matsowa, ga wanka yana jira. A nan ake ɓarnar. Wata da haƙori za ta ɓamɓare, wata da allura, wata da reza. Sai su zo mini da farce kamar ɓawon albasa, yana zafi ko iska ta taɓa shi. Na gaji da faɗa. Kowace na saka wa sai na ce mata cirewa ba ƙarfi ake sa masa ba, jira ake yi. A rage tsawon, a goge ƙyallin saman da magogi, a jiƙa auduga da ruwan da ke narkar da shi, wanda muke kira rimuba, a ɗora, a naɗe yatsan da takardar nan mai ƙyalli da ake kira foyil, a zauna. In ya yi laushi a ture shi da ɗan tsinken katako, in ya ƙi a sake naɗewa. Kuma ba a yin sa kusa da wuta, don ruwan nan kamar fetur yake. Su ce to, Anti. Wata mai zuwa su dawo da ɓawon albasarsu.

Cikin duk masu zuwa, wadda take jin magana ita ce wata malamar firamare daga Argungu. Doguwa ce, mai yawan dariya, yatsunta zara-zara. Kowane mako ina kai kaya shagunan Argungu, to in na je takan tare ni, ko ita ta shigo Birnin Kebbi in ta samu hutu. Ba ta taɓa ɓamɓare farce da kanta ba. Takan ce ita da take hana yara cin farcensu a aji, ina za ta sa fuskarta in suka ga nata a yage.

Da ta yi aure ta samu ciki, sai ta koma gidan iyayenta a can Argungu don haihuwar fari. Ta haifi 'ya mace a tsakiyar damina. Ana saura kwana biyu suna ta kira ni ta ce in zo da kayan aiki, tana son farce mai ruwan goro a ranar suna. Na same ta a ɗakin da aka ware mata, fuska ta cika, ɗakin sai ƙamshin kunun kanwa da turaren wuta. Ta miƙo hannu tana dariya ta ce, "Anti, yau dai babu gaggawa. Kwana arba'in babu mai cewa in cire."

Ni na ce a yi na gini. Dalilina kuwa wankan jego. Safe da yamma ana zuba mata tafasasshen ruwa da ganye, na liƙawa ba zai kwana uku a hannunta ba sai ya fara zubowa, wataƙila ma a cikin zanen jaririya. Na gina shi gajere don kada ta yakushi 'yar, na yi masa kauri, manyan yatsun biyu na ƙara musu kauri don su ne masu aikin ɗaura da kwancewa. Na yi aikin da har yau in na tuna na san ban yi ha'inci a cikinsa ba.

Uwarta tana ta shige da fice muna aikin. Mai sayar da bandar kifi ce, gajera, kakkaura, hannunta duk tabon wuta. Malamar ita ce 'yarta ta fari, kuma uwar irin matan da ne masu kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunanta, ba ta zama kusa da ita, ba ta mata magana kai tsaye in da baƙo. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi bango ta ce a tambayi mai ɗakin ga da wane hannu za ta ci tuwo. Malamar ta ce mini in gaya wa bango akwai cokali a gidan. Uwar ta yi tsaki ta wuce, amma na ga kafaɗarta tana rawa, dariya take ɓoyewa.

Kwana goma sha uku da haihuwar, da hantsi, ina jera kaya a shago ana yayyafi, wayata ta yi ƙara. Lambar malamar ce, amma muryar ba tata ba. Uwar ce. Ta ce yarinyar nan Allah ya yi mata cikawa da safe, jini ne ya ɓalle mata, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Na yi salati na yi mata gaisuwa. Ba ta jira na gama ba. Ta ce an sa jana'iza bayan azahar, ana jiran baban marigayiyar ya iso daga gona wajen Gulma, kuma masu wanka sun zo sun tarar da abin nan a hannunta, ya ƙi fita.

"Ke kinka sa mata," in ji ta. "Ki zo ki hidda shi. Ba ni son a wanke ta ruwa bai taɓa akaihunta ba."

Akaifa su ke ce wa farce. Na ce kada kowa ya sake taɓawa, ga ni nan. Na zuba rimuba da auduga da foyil da magogi da abin yanke farce a jaka, na ce wa maƙwabciyata ta duba mini shago. Da na gaya mata inda za ni sai ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Ta ce duk shekarunta a sana'ar ba ta taɓa cire wa mamaci ba, ba ta da abin da za ta koya mini a kai.

A tasha motar Argungu ta daɗe ba ta cika ba saboda ruwan sama. A hanya fadama duk ta cika, shinkafa sai kanta ake gani. Ni dai lissafin lokaci nake yi. Na gini a hannun mai rai rabin awa ya ishe shi, in ya yi taurin kai a ƙara kwata. Na ce ko da sha biyu na isa, ina da sarari.

Sha biyu ta ɗan gota na isa. Maza sun cika rumfar ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, jaririyar tana kuka a wani ɗaki. Aka shigar da ni ɗakin da na yi mata aikin. An kwantar da ita a kan tabarma an rufe ta da zane, fanka tana kaɗawa a kanta. Uwar tana zaune can jikin bango, nesa da ita. Kusa da gawar akwai wata tsohuwa mai wankan mata a unguwar, ta naɗe hannun riga, ga bokitai a gefenta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, ashe ke ce mai dasa wa 'ya'yan mutane ƙaho a hannu. Na ce ni ce, Gwaggo, kuma ni zan cire. Na roƙa a fitar da kaskon turaren wuta da ke kusurwa, a buɗe taga. Tsohuwar ta ce yau ta ga ikon Allah, ɗakin gawa babu turare. Uwar ta tashi da kanta ta ɗauke kaskon.

Na ɗaga zanen daga gefen dama na jawo hannun. Farcen yana nan yadda na gina shi, ruwan goro, yana ƙyalli, ko ɗagawa bai yi ba duk da wankan jego. Sai babban yatsa. An zura masa bakin wuƙa ta ƙasa an ɗaga, kuma ba ginin ne ya rabu da farce ba, farcen nata ne ya rabu da nama har kusan rabi. Tsohuwar ta ce ita ta gwada, ta ɗauka irin na roba ne da ake fizgewa, da ta ga abin da ke faruwa ta tsaya, don mamaci ba a ji masa ciwo. Da ni ce a matsayinta, da wuƙar zan fara ɗauka.

Yatsun sun fara sandarewa, sai da dabara na ware su. Na rage tsawon guda goman, na goge saman, ƙurar hodar tana zuba a kan zanena. Na jiƙa auduga na ɗora na naɗe kowane yatsa. Muka zauna. Da rabin awa ta cika na kwance ɗan ƙaramin yatsa na sa tsinke. Saman kawai ya yi danƙo, ƙasan yana nan kamar dutse. Na kwance na biyu, haka. Na uku, haka.

Na zauna ina kallon hannun, gumi yana tsattsafo mini duk da sanyin garin. Rimubar sabuwa ce, ni na buɗe kwalbar. Sai da na sake riƙe yatsun na ji sanyinsu ya ratsa tafina, sannan na gane. Duk shekarun nan da nake naɗe yatsun mata, ban taɓa lura cewa ba ruwan kaɗai ke aikin ba. Ɗumin jikin mai hannun ne ke taruwa a cikin foyil ya taimaka masa. Wannan hannun ba shi da ɗumin da zai bayar. Ga damina, ga fanka tun safe.

Na kashe fankar na ce a ba ni ruwan zafi da tawul. Tsohuwar ta ce ruwan da aka ɗora na wanka ne, ya ma huce, itace jiƙaƙƙe ne, kafin a sake hura wata wutar an kira salla. Daidai nan aka yi sallama daga zaure, muryar namiji, aka ce baban marigayiya ya iso, malamai suna tambaya ko an gama. Tsohuwar ta ɗaga murya ta ce ko farawa ba a yi ba. Sannan ta juyo ta ce wa uwar, a ganinta a bar abin nan haka, Allah ya san ba da gangan ba ne, yarinya cikin jego ta tafi, babu wanda zai kama ta da laifi.

Uwar ta girgiza kai. Ta ce ta sani. Amma tun yarinyar tana shekara bakwai ba ta taɓa ganin ta ta yi wasa da alwala ba, ba za ta bari wankanta na ƙarshe ya zama shi ne ruwa bai kai ba. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, mi ya rage? Hwaɗa mani gaskiya."

Na ce ɗumi ya rage, Inna. In hannun ya yi ɗumi, zai saki.

Sai ta taso daga jikin bango ta zo ta durƙusa a gefen dama. Na sake jiƙa audugar na naɗe yatsun, na ɗauki hannun na sa a tafinta, na ce ta rufe da ɗaya tafin, ta lulluɓe da gefen zanenta. Ni na zagaya na kama na hagu na yi haka. Tsohuwar ta dube mu ta kawar da kai, ta shiga gyaran likkafani da bai buƙaci gyara ba.

Haka muka zauna, gawar a tsakaninmu. Sanyin rimuba yana cin tafina, gwiwoyina suna zugi, bayana kamar zai tsage, don tun asuba ban zauna a kan kujera mai kyau ba kuma ko karyawa ban yi ba. Can uwar ta fara magana ƙasa-ƙasa, ba ni take kallo ba. Ta ce tun da aka yaye yarinyar nan kakarta ta ɗauke ta, ita sai dai ta hango ta. Ko ranar da za a kai ta ɗakin miji ba ta fito ba, tana bayan ɗaki wajen kifi. Ta ce ba ta san yatsun nata sun yi tsawo haka ba, irin na babanta ne. Na ce e, dogaye ne, sun fi na kowa daɗin aiki. Ta ce ran nan da ta yi maganar tuwo, ba wai abin bai yi mata kyau ba ne. Ya yi kyau.

Bayan kamar kwata na duba nawa ɓangaren. Ya fara sakin jiki, amma rabi. Na duba nata. Hannun mai aikin wuta ne, tafinta kamar an ɗauke shi daga kan murhu, ginin ya yi laushi kamar ƙullun da ya sha ruwa. Na sa tsinke na tura a hankali, ya taho. Ga farcenta na asali a ƙasa, fari, lafiyayye. Na cire huɗu a dama na bar babban yatsa a naɗe. Na ce mu yi musanya, ta dawo hagu. Ta zagayo ta kama.

Aka kira azahar muna nan. Aka sake sallama daga zaure, wannan karon muryar ta ɗan yi kauri, aka ce hadari yana sake haɗowa, masu haƙa kabari sun ce ruwa zai cika ramin. Tsohuwar ta ce su je su yi salla su dawo, mata ba su gama nasu ba. Na ji daɗin wannan magana daga bakinta. Kafin a idar da salla na gama da biyar ɗin hagu, na goge kowane farce da tsumma mai tsabta. Mai da na saba shafawa bayan cirewa ban shafa ba, don kada ya hana ruwa kama wurin.

Saura babban yatsan dama. Yana cikin biyun da na fi yi wa kauri, kuma shi wuƙa ta taɓa. Ginin ya yi laushi a sama, amma duk lokacin da na sa tsinke sai farcen gaba ɗaya ya motsa a kan nama. Na ajiye tsinken na koma sharewa da auduga, ina dafe farcen da yatsana. Yana raguwa, amma kaɗan-kaɗan. Na sake naɗewa, uwar ta riƙe, na sake sharewa. Idona yana yaji saboda warin ruwan. Daga ƙarshe abin da ya rage bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, a gindin farcen, daidai inda ya rage yana riƙe da nama.

Muka ji maza sun dawo daga masallaci, an ajiye makara a zaure. Garin ya yi duhu, iska ta fara kaɗa labule. Na gaya wa uwar yadda abin yake, ban rage ba ban ƙara ba. In aka ba ni wata rabin awa, wataƙila ya fita. In na matsa masa yanzu zai fita, amma da farcenta zai taho. Ni ba malama ba ce, ban san hukuncin ɗan abin da ya rage ba, aikin hannu kawai na sani.

Ta karɓi yatsan daga hannuna ta kai shi wajen hasken taga. Ta shafa wurin da nata babban yatsan, ta ji yadda farcen yake motsi. Ta dubi sauran taran ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka za ta ce in ƙara naɗewa, har na kai hannu ga kwalba.

"Bar shi," in ji ta. "An ji mata ciwo sau ɗaya yau, ya isa."

Ta kwantar da hannun a gefen gawar ta ja zane ta rufe. Tsohuwar ta jawo bokiti ta yi bisimilla ta ce duk wadda ba mai wanka ba ta ba su wuri. Na tattara auduga da foyil da guntayen farcen a leda na ɗaure, na miƙe da ƙyar ina dafa bango.

Ba a daɗe ba aka fito da ita. Ruwan bai sauko ba sai da suka kusa dawowa. Ni ina zaune a kan turmi a ƙarƙashin rumfar kifi, na san ya kamata in tashi in nemi mota tun hanya ba ta ɓaci ba, amma ban tashi ba. Uwar ta zo ta tsaya a gabana tana shinshina tafinta. Ta tambaye ni ko warin nan zai cutar da jaririya in ta ɗauke ta, don tun safe yarinyar take hannun maƙwabta. Na ce ta wanke da sabulu sau biyu, ta shafa man kaɗanya, shi ke nan. Ta tsuguna a bakin rariya, na ɗauki buta ina zuba mata tana wankewa.